KUMBURIN MATSARMAMA: A BUƊE WA RUWA HANYA KAFIN A YI AIKI

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ko ya gyara kaza ya san matsarmama. Ita ce ƴar jakar nan koriya da ke manne da hanta. Waɗansu suna ce mata maɗaciya. Mahauci yakan cire ta a hankali, domin in ta fashe ɗacinta yana ɓata nama. To, mu ma mutane muna da ita, kuma takan yi ciwo. Ciwonta yana iya kisa in aka yi sakaci. Yana kuma da magani in aka je gidan likita da wuri.

Babban maganin kumburin matsarmama shi ne aikin fiɗa, wato a cire ta gaba ɗaya. Amma akwai majinyacin da jikinsa ba zai ɗauki aiki nan take ba. Yaya likitoci suke yi da shi? Abin da za mu bayyana ke nan a wannan shafi.

Mene ne aikin matsarmama?

Hanta tana ƙasan haƙarƙarin dama. Kowace rana tana yin wani ruwa mai ɗaci, kamar rabin lita ko fiye. Wannan ruwa shi ke taimaka wa hanji ya narkar da mai da kitse. Yana sauka daga hanta zuwa ƙaramin hanji ta wata siririyar hanya, wadda za mu kira babbar hanyar ɗaci.

Matsarmama tana rataye a gefen wannan hanya. Wani ɗan wuya siriri ne ya haɗa su. Ita ma'aji ce kawai. Abin da take ɗauka bai wuce cikin ɗan kofin shayi ba. Idan muka ci abinci mai maiƙo, sai ta matse kanta, ta tura ruwan cikin hanji.

Mu ɗauka hanta rijiya ce, matsarmama kuwa randa. In randa ta fashe aka fitar da ita daga gida, rijiya ba ta daina ba da ruwa. Shi ya sa mutum yake rayuwa lafiya lau bayan an cire masa matsarmama.

Yaya ciwon yake farawa?

Wani lokaci ruwan da ke cikin jakar yakan yi kauri, ya daskare, ya zama tsakuwa. Wata ƙarama ce kamar ƙwayar hatsi, wata kamar gujiya, wata har ta kai ƙwan kaza. Mahauta ma jifa-jifa sukan tarar da irinta a matsarmamar shanu. Ba tsakuwar da ke cikin tuwo ko wake ba ce ke taruwa a can. A cikin jakar take haifuwa.

Mafi yawan masu wannan tsakuwa ba su san suna da ita ba, domin ba ta dame su ba. Matsala tana farawa ran da tsakuwa ta gangaro ta toshe wuyan jakar. Ruwa ya rasa mafita. Jakar ta cika, ta kumbura, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, har mugunya ta taru. Cikin mutum 10 masu kumburin matsarmama, wajen 9 tsakuwa ce sanadi. In aka bar abin, bangon jakar yana iya ruɓewa ya fashe. Daga nan mugunya ta watsu cikin ciki, cuta ta shiga jini. Wannan shi ne haɗarin da muke gudu.

Su wa ciwon ya fi kamawa?

Ya fi kama mata bisa maza, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara 40, da mai ƙiba, da mai ciwon sukari.

A ƙasarmu akwai abu 2 da ya kamata mu ƙara lura da su. Na farko shi ne sikila, wato amosanin jini. Jinin mai sikila yana saurin fashewa, kuma dattin da ke fitowa daga nan yana zama baƙar tsakuwa tun yana yaro. Saboda haka in mai sikila ya yi kukan ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, kada mu ce ciwonsa ne da ya saba. A kai shi a duba. Na biyu shi ne zazzaɓin taifot, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci. Ƙwayoyinsa suna son zama cikin matsarmama, kuma suna iya kumbura ta ko babu tsakuwa, musamman ga yara.

Alamomin da za mu gane

1. Ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin dama ko a bakin ciki na sama. Sau da yawa yakan taso bayan cin abinci mai maiƙo.
2. Ciwon yana harbawa zuwa baya ko allon kafaɗar dama.
3. Ciwon ya wuce awa 6 bai lafa ba.
4. Zazzaɓi, wani lokaci da rawar ɗari.
5. Tashin zuciya da amai.
6. In aka danna wurin, aka ce majinyaci ya ja numfashi, sai numfashin ya tsaya don zafi.

In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, to wataƙila tsakuwa ta faɗa cikin babbar hanyar ɗaci. Mutane sukan ce shawara ce, su nufi saiwa da sassaƙe. Shawarar da ta zo tare da ciwon dama da zazzaɓi ta gaggawa ce. A ranar za a kama hanya.

Mu lura da tsofaffi da masu ciwon sukari. Su ciwon ba ya nuna musu ƙarfinsa sosai. Sai dai a ga tsoho ya ƙi abinci, ya yi laushi, hankalinsa ya rikice. Shi ma a kai shi.

Abin da ake yi a gidan likita

Likita zai taɓa ciki, ya auna zafin jiki, ya sa a gwada jini. Sannan a ɗauki hoton ciki da na'urar nan da ake kira eko, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Eko yana nuna tsakuwa, yana nuna kaurin bangon jakar. Ba ya da zafi, ba ya da lahani.

In an tabbata kumburi ne, za a kwantar da majinyaci. A dakatar da abinci, a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin rage zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan likitoci su auna nauyin ciwon. A shekarar 2007 aka fitar da wata ƙa'ida da ke ɗauke da sunan birnin Tokiyo na ƙasar Japan, aka sake gyara ta a 2013 da 2018. Ta kasa ciwon kashi 3: mai sauƙi, matsakaici, da mai tsanani. Mai tsanani shi ne wanda ya fara taɓa zuciya, ko huhu, ko ƙoda, ko hankali.

Aikin fiɗa shi ne magani

Cire matsarmama tsohon aiki ne. Wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, shi ya fara yin sa a birnin Barlin a 1882. A 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya cire ta ta ƴan ƙananan huji ba tare da tsaga ciki ba. Philippe Mouret ya yi haka a birnin Liyon na Faransa a 1987, daga nan dabarar ta watsu cikin duniya. Likitocin babban asibitin ƙasa na Yamai sun fara irin wannan aiki tun shekarun 2000, har ga masu sikila.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Aikin ya fi sauƙi a kwana 3 na farkon ciwo, kuma ana iya yin sa har cikin satin farko. In kwanaki suka ja, wurin yakan kumbura ya manne da hanji da hanta, aiki ya yi wuya.

A 2018 likitocin ƙasar Holan suka buga wani bincike bisa majinyata 142 masu rauni. An yi wa rabi aikin fiɗa, rabi kuma aka sa musu bututu ta fata don ruwan ya fita. Cikin waɗanda aka yi wa aiki, 12 bisa 100 ne suka gamu da babbar matsala. Cikin masu bututu kuwa, 65 bisa 100. Darasin a fili yake: muddin jiki zai iya ɗauka, aiki ya fi.

In jiki ba zai ɗauki aiki ba fa?

Akwai wanda cuta ta riga ta shiga jininsa, bugun jininsa ya faɗi. Akwai tsoho mai ciwon zuciya ko na huhu. Akwai wanda hantarsa ko ƙodarsa ta gaza. Irin waɗannan, allurar barci da wuƙar likita suna iya fin ƙarfinsu a wannan hali.

Mu tuna abin da muke yi da damina. In ruwa ya taru a tsakar gida yana cin gindin katanga, ba mu kama gini cikin ruwan sama. Magudana muke fara buɗewa, ruwa ya fita, katanga ta tsira. Gyaran gaske sai ƙasa ta bushe. Haka likitoci suke yi. Suna buɗe wa ruwan ɗaci da mugunya hanya su fita daga jakar. In jakar ta sace, zafi ya ragu, zazzaɓi ya sauka, magani ya samu damar aiki. Yawancin majinyata sukan ji sauƙi cikin kwana 2 ko 3. Bayan makonni, in ƙarfi ya dawo, sai a yi aikin.

Hanyoyin buɗe wa ruwan mafita guda 3 ne. Ɗaya ta fata, biyu ta baki.

Hanya ta farko: bututu ta fata

Wannan ita ce aka fi sani, tun wajen 1980 ake yin ta. Likita yana kashe zafin wurin da allura. Yana duban eko, ya soka siririn bututu ta gefen dama har cikin jakar. Ruwan yana zuba cikin wata jakar roba da ke rataye a jikin majinyaci. Ba ta bukatar kayan aiki masu yawa, kuma kusan kullum tana yiwuwa.

Amma tana da wahalarta. Majinyaci zai yi makonni da bututu a jiki. Wurin yana ciwo. Bututun yana iya toshewa, ko ya zame cikin barci. Kuma tana da haɗari ga wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, da wanda ruwa ya cika masa ciki saboda ciwon hanta. Domin irin waɗannan ne likitoci suka nemi wata hanya.

Hanya ta biyu: ta baki, a bi hanyar da jiki ya tanada

Akwai wata na'ura mai kama da doguwar igiyar roba, kaurinta kamar ɗan yatsa. A bakinta akwai fitila da idon ɗaukar hoto. Sunanta andoskof, mu kuwa za mu ce mata madubin ciki. Ana ba majinyaci maganin da zai sa shi barci. Likita ya zura madubin ta baki, ya bi maƙoshi, ya ratsa tumbi, ya kai farkon ƙaramin hanji. Duk abin da ke gaban madubin yana fitowa a allo kamar na talabijin.

A farkon hanjin nan akwai wata ƴar ƙofa inda ruwan ɗaci yake zubowa. Ta nan likita yake shigar da wata waya siririya mai laushi. Ya tura ta sama cikin babbar hanyar ɗaci, ya karkata ta cikin wuyan matsarmama, ya ratsa gefen tsakuwar da ta toshe, har cikin jakar. Yana bin tafiyar wayar da hoton da ke nuna cikin jiki. Sannan ya zura ɗan bututun roba bisa wayar, ya janye wayar. Kaurin bututun kamar tsinken ashana ne. Bakinsa ɗaya yana cikin jakar, ɗayan yana cikin hanji. Kowane baki a naɗe yake kamar ƙahon rago, don kada ya zame. Ruwan sai ya riƙa sauka cikin hanji, inda dama can ya kamata ya je. Wani lokaci akan sa dogon bututu ya fito ta hanci na ƴan kwanaki, domin a riƙa wanke jakar.

Wani likita a Amurka, Richard Kozarek, ya nuna a 1984 cewa ana iya shiga wuyan matsarmama ta wannan hanya. Amfaninta yana da yawa. Ba a huda fata ba, ba a huda hanta ba. Ta dace da mai matsalar tsayawar jini da mai ruwa a ciki. In akwai tsakuwa a babbar hanyar ɗaci, ana iya fitar da ita a zama ɗaya. Kuma ba ta canza komai a tsarin ciki ba. Ran da likitan fiɗa ya zo aikinsa, zai tarar da kowace gaɓa a wurinta.

Wahalarta ita ce, wuyan matsarmama siriri ne kuma murɗaɗɗe. Ko a hannun gwanaye, cikin mutum 10 akan samu kamar 2 da waya ta ƙi shiga. In haka ta faru sai a koma wata hanyar.

Hanya ta uku: ta baki, a buɗe sabuwar ƙofa

Matsarmama tana jingine da ƙarshen tumbi da farkon hanji, kamar ɗakuna 2 masu bango ɗaya. Akwai madubin ciki mai ɗauke da eko a bakinsa. Da shi likita yake hango jakar daga cikin hanji ko tumbi. Sai ya huda bangon, ya sa wani gajeren bututun ƙarfe. Siffarsa kamar ɗan ƙaramin kalangu: tsakiya a tsuke, bakuna 2 a buɗe. Bakunan suna riƙe bangon jakar da na hanji wuri ɗaya, ruwa da mugunya su wuce ta tsakiya. Faɗin ƙofar yakan kai santimita 1 ko 1 da rabi, har ƙananan tsakuwoyi suna iya fita ta nan.

Likitoci 2 a Amurka, Baron da Topazian, suka fara ba da labarin wannan dabara a 2007. A 2020 aka buga wani bincike ƙarƙashin jagorancin Anthony Teoh na Hong Kong, bisa majinyata 80 da ba za su iya ɗaukar aikin fiɗa ba. Cikin shekara 1, mutum 1 cikin 4 na masu bututun ciki ya gamu da matsala. Masu bututun fata kuwa, 3 cikin 4.

Wace ta fi dacewa kafin aiki?

A nan sai an yi lissafi. Hanya ta uku tana barin ƙofa a bangon hanji ko tumbi. In daga baya za a cire matsarmama, dole likitan fiɗa ya raba su, ya ɗinke ƙofar. Ana iya yi, amma aiki ya ƙaru. Shi ya sa aka fi ajiye ta domin wanda ba a sa ran zai taɓa ɗaukar aiki, kamar tsoho tukuf mai ciwon zuciya. Wanda ake sa ran zai warware a yi masa aiki, an fi zaɓa masa hanya ta biyu ko bututun fata. Likitan fiɗa da likitan madubin ciki su ke zama tare su yanke shawara, bisa halin majinyaci da kayan aikin da ke hannu.

Kowace hanya tana da haɗarinta. A hanya ta biyu, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci suke kira pankiriyas, tana iya kumbura, domin ƙofarsu ɗaya da hanyar ɗaci. A hanya ta uku ruwan ɗaci yana iya yoyo cikin ciki, ko bututun ya gusa. Zubar jini tana iya faruwa a dukkansu. Haƙƙin majinyaci da danginsa ne su tambaya a yi musu bayani kafin su yarda.

Mu da ke karkara fa?

Aikin madubin ciki yana bukatar na'urori masu tsada da likitan da ya yi dogon horo a kansa. Saboda haka a manyan asibitoci kaɗai ake samunsa ko'ina cikin duniya. Kada mu ce sai shi. Bututun fata da aikin fiɗa sun ceci rayuka masu yawa, kuma suna nan suna ceto.

Abin da ke hannunmu shi ne lokaci. Wanda ya iso da wuri, da ƙarfinsa, sau da yawa ba ya bukatar bututu ko ɗaya. Aiki ake yi masa kai tsaye, ya koma gida cikin ƴan kwanaki. Wanda ya yi sati yana shan ƙwayoyin ƴan talla, shi ke isowa a galabaice. Ƙwayar rage zafi tana rufe ciwo ne kawai, tsakuwa kuwa tana nan inda ta toshe. Tsaga da ƙaho da sakiya ba su kai ga jakar da ke can ƙarƙashin hanta. Maganin wanke ciki kuma yana ƙara raunana majinyaci.

Mu fara da gidan likita mafi kusa. In ma'aikacin lafiya ya ba mu takarda zuwa asibitin gunduma, ko zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, mu tafi a ranar, ko da amalanke ne zuwa bakin titi. Kuɗin mota na yau ya fi sauƙi bisa kuɗin jinyar wata guda.

Sauƙi daban, warkewa daban

Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe. An sa bututu, zazzaɓi ya sauka, majinyaci ya ci tuwo, ya koma gida. Ranar komawa asibiti ta zo, sai a ce ai ya warke, a bari sai an gama noma, ko sai kaka ta yi. Alhali tsakuwa tana nan cikin jakar. Bututun roba yana toshewa in ya daɗe. Ciwon yana iya dawowa. Wanda ya buɗe magudana da damina, ya ƙi gyaran katanga da rani, damina mai zuwa za ta same shi.

Galibi likitoci sukan jira kamar sati 6 kafin aiki, don kumburi ya sauka sarai. Wannan lokaci na shiri ne. Majinyaci ya ci abinci mai gina jiki, ya rage mai da soye-soye, ya sha magungunansa daidai. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya kula da su. Dangi kuma su tanadi guzuri da wanda zai yi jinya.

Mai bututu ya koma asibiti ba tare da jiran ranarsa ba in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi ya dawo, ciwo ya tsananta, ido ya yi rawaya, amai ya ƙi tsayawa, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko bututun fata ya fita ko ya daina zuba. Kada kowa ya cire bututu a gida, kada kuma a mayar da wanda ya fita.

Abubuwan da za mu riƙe

1. Ciwon ƙasan haƙarƙarin dama da ya wuce awa 6, tare da zazzaɓi, na gidan likita ne a ranar.
2. Maganin kumburin matsarmama shi ne a cire ta, kuma ana rayuwa lafiya ba tare da ita ba.
3. In jiki ya yi rauni, ana fara fitar da ruwan da bututu, ta fata ko ta baki.
4. Bututu yana ba da lokaci ne domin jiki ya yi ƙarfi. Sai likita ya ce an gama, sannan an gama.
5. Mu adana takardun asibiti da hoton eko, mu riƙe ranar komawa kamar yadda muke riƙe ranar kasuwa.

Lafiya uwar jiki ce. Manomin da ya kula da ita, shi ke ganin amfanin gonarsa.